Kada Kunnenka Ya Saba

Gomari,
Maiduguri.

Zuwa ga Yaya Bukar,

Assalamu alaikum. Yaya, ni ce Kaltum nake riƙe da biro, amma maganar ta Inna ce. Ta zaunar da ni a tabarma tun bayan la'asar, ta ce in rubuta yadda ta faɗa, kada in gyara mata komai. Inda zan sa tawa maganar zan fara da sunana don kada ka rikice. Daga nan Inna ce.

Babana, ina gaishe ka gaisuwar uwa ga ɗanta. Allah ya sa lokacin da za ka buɗe takardar nan ka riga ka sauka Kano lafiya. Allah ya tsare ka a hanyar Damaturu da ta Fataskum, ya tsare direba da ƙafafun mota, ya haɗa ka da iyayen gida masu tausayi da abokan aiki masu tsoron Allah.

Na sa an saka maka takardar a ƙasan jaka tare da wani ɗan ƙullin leda. Kada ka jefar da ƙullin, zan zo kansa. Da baki ba zan iya faɗa maka abin da ke raina ba. In na fara magana ihu nake yi ban sani ba, sai in ga maƙwabta suna leƙe ta katanga. Kai kuma in ka amsa, rabin amsar nake kamawa, sauran in cika da zato. Shi ya sa na ce a rubuta.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ranar da ka zo da labarin an ɗauke ka aiki a kamfanin casar shinkafa, babanka ya tambaye ka yadda wurin yake. Ka ce abokinka da ya yi maka hanya ya faɗa maka injuna ne a jere, mutum ba ya jin na kusa da shi sai an yi ihu. Sai ka yi dariya, ka ce ba komai, za ka sayi abin kunnen nan mara waya da samari suke sawa, wanda kuke kira bulutut, ka kunna waƙa ka yi aikinka, in aka kwana biyu ma kunne zai saba. Ni ban ji ba a lokacin, fuskarka kawai nake kallo ina murna. Sai da aka watse Kaltum ta maimaita min a kunne. Da ta zo kan "zai saba" na ce ta tsaya ta sake faɗa.

Ni ma haka aka ce min, Babana.

Kana goye a bayana na fara aikin injin markaɗe. Ya Falmata ce ta koya min, Allah ya jiƙanta, ba ka san ta sosai ba, ita ce mai injin da ke bakin layinmu kafin in samu nawa. Ranar farko da na tsaya gaban injin nan daga safe zuwa azahar, na dawo gida kunnuwana suna kuka kamar gyare ya shiga ciki. Babanka yana min magana ina jin sa kamar daga cikin rijiya. Washegari sai na ɗaure ɗankwalina tamau, na rufe kunnuwan duka biyu. Ina zuwa Ya Falmata ta sa yatsa ta zame shi baya.

"Ke 'yar Kano, amarya ce ke da za ki zo min a lulluɓe?"

"Ya, kunnena ne yake ciwo."

"Na kowa ya yi ciwo. Mai inji da kunne yake tuƙi. In bel ya saki da me za ki ji? In dutse ya bushe yana cin kansa da me za ki ji? Sai kin ƙona wa mutane wake sannan hancinki ya gaya miki? Bar shi a buɗe, zai saba."

Matan da ke layi da robobinsu suka yi ta dariya. Na ji kunya, ban sake rufewa ba.

Kuma ta koya min aiki na gaske, ba zan ci amanarta ba. Na zama ina juya wa inji baya ina hira, in ji muryarsa ta canja, in san ruwa yake so. Bayan 'yan watanni ƙarar ta daina damuna. Har alfahari nake yi. In sabuwar amarya ta kawo markaɗe ta toshe kunne da yatsu, ni ce mai fara yi mata dariya. Ina cewa kunnena ya yi ƙwari. Sai kwanan nan na gane ba ƙwari ya yi ba, mutuwa yake yi kaɗan kaɗan, shi ya sa ya daina kuka da ciwo. To, ranar da ka shiga ɗakin injunan nan ka ji ba su dame ka ba kamar farko, kada ka yi murna. Ranar ce ya kamata ka tsorata.

Kuskurena na biyu rediyo ne. Aikin inji akwai kaɗaici, mutane cike da wurin amma ba mai jin wani. Sai na samu ƙaramar rediyo na rataye a jikin ginshiƙin rumfa daidai kaina. In inji ya tashi ba na jin ta, sai in murɗa ta har ƙarshe. In batir ya yi sanyi in ɗauko ta in ɗaura a kafaɗa da gefen mayafi. Ni a tunanina rediyon tana kore ƙarar inji, tunda in tana yi hankalina ba ya kan injin. Ashe ba ta kore komai ba. Ƙara ɗaya ce nake sha, na ƙara wa kaina ta biyu. Kunnen hagu, ɓangaren da nake ɗaura ta, shi ne yanzu ba ya kawo min komai. Tawa rediyon a kafaɗa take. Taka da kake shirin saya a cikin ramin kunne za ka cusa ta. Ka yi tunanin wannan.

Na uku, da kukan gyaren nan ya ƙi tafiya ko da ranar da ban kunna inji ba, ban je asibiti ba. Na ce datti ne. Na sa tsinken ashana, na sa gashin kaza. Na je wurin wanzami ya leƙa ya ce iska ce ta shiga. Wata ta ce in ɗiga ruwan albasa, na ɗiga, na kusa tashi sama don zafi. Wata ta ce man ja mai ɗumi. Daga baya na koma cusa auduga in zan kunna inji, a ɓoye ƙarƙashin ɗankwali don kada a gani. Shekaru ina cusa audugar nan ina ganin na yi dabara. In ka ji kunnenka yana kuka bayan an tashi aiki, ko ka ji maganar mutane ta dusashe, kada ka sa masa komai, kuma kada ka saurari masu ba da magani a bakin kamfani. Ka nemi asibiti.

Yanzu bari in gaya maka yawon da muka yi a kanka, ni da ƙanwarka, ba ka sani ba. Na ce tunda abin kunnen nan kake so, gara in je in gan shi da idona, in na kirki ne in saya maka da kaina. Muka hau keke mai ƙafa uku muka je layin masu sayar da waya. Kaltum ce kunnena, duk abin da aka faɗa sai ta matso ta zuba min a na dama.

Na farko wani saurayi ne mai tsayayyen gashi. Ya fito da ɗan akwati fari, bai fi kwalin ashana ba, ya buɗe, ga abubuwa biyu kwance kamar ƙwayar wake.

"Hajiya, wannan in ya sa, ko jirgi ne ya sauka a kansa ba zai ji ba."

Na ce, "To in motar kaya ce ta taho ta bayansa fa?"

"Akwai inda zai taɓa, sai ya ji komai tar."

"To toshewa yake yi ko buɗewa?"

"Duka biyun, Hajiya. Yana da ƙwaƙwalwa."

"Kafin ya taɓa ai motar ta iso."

Ya ce ba haka ba ne, ya yi ta bayani da Turanci a ciki, Kaltum ta ce ba ta san yadda za ta juya min ba. Muka matsa gaba. Na biyu yana jin abin da muka zo nema ya ce na wancan yaron jabu ne, kada mu yarda, nasa ne na asali. Ya fito da shi. Wallahi, Babana, akwati ɗaya ne, fari ɗaya, girma ɗaya. Na jujjuya ban ga bambanci ba. Bai tambaye ni ba ya miƙo hannu ya maƙala min a kunne, ya danna wayarsa, ya tsaya yana murmushi.

"Mama, kin ji shiru ko?"

Na ce, "Ɗana, shirun nan da shi na taho daga gida."

Na kusa da shi suka fashe da dariya, shi kuma ya cire abinsa yana gogewa da riga.

Ni Kaltum. Yaya, bayan Inna ni ma ya sa min. Da gaske ƙugin janaretan da ke bakin shagon ya ja baya, kamar an kai shi wani layin, har na ɗan ji jiri. Amma akwai mai walda a gefe, da ya buga guduma a kan ƙarfe sai da na ji har cikin haƙorina, kamar ban sa komai ba. Ban faɗa a wurin ba saboda mutane suna kallo. A hanya na gaya wa Inna. Na mayar mata da maganar.

Na uku dattijo ne da tabarau, yana gyaran wata waya. Ya saurari Kaltum har ta gama, ya ce ta ɗan ɗaga murya, ta sake. Sai ya ajiye abin hannunsa ya juyo ya kalle ni sosai, ya yi magana a hankali yadda na gane daga bakinsa.

"Mama, ni kayan jin waƙa nake sayarwa. In na ce miki zai kare masa kunne, ban sani ba na faɗa. Ki je sashen kunne a asibiti ki tambaya. Ke ma su duba ki."

Na fito daga layin nan kaina a cunkushe. Ɗaya ya ce yana kashe ƙara, ɗaya ya ce na ɗayan ƙarya ne, ɗaya ya ce bai sani ba. Wanda ya ce bai sani ba na bi.

A asibiti mun yi dogon zama kafin a kira mu. Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta gaishe ni da Barbarci, ta ga ban kama ba, ta koma Hausa, kuma duk maganar da za ta yi sai ta fuskance ni. Ta leƙa kunnuwana da 'yar fitila ta ce ba datti, fes suke. Ta sa ni a wani ɗan ɗaki mai kauri kamar akwati, ta ɗora min wani abu a kai, ta ba ni abin dannawa, ta ce duk lokacin da na ji ƙara komai ƙanƙantarta in danna. Na danna sau kaɗan, sai na zauna ina jira a ci gaba. Ina cikin jira ta buɗe ƙofa ta ce an gama. Ashe duk zaman nan ana ta aiko min, ba ya isowa.

Ta ce can cikin kunne akwai wasu 'yan gashi ƙanana, su ne suke kama sauti. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su kamar yadda ƙafa take kwantar da ciyawa. In sau ɗaya ne sukan tashi. In kullum ne wurin yakan zama hanya, ba ya sake fitowa. Na ce to a ba ni magani. Ta ce babu maganin da ke tsiro da su. Akwai na'urar da ake maƙalawa ta ƙara wa mutum ji, za mu yi maganarta, amma abin da ya tafi ya tafi. Na tambaye ta audugar da na yi shekaru ina cusawa. Ta ce auduga ba ta tare wani abin kirki, ƙara tana ratsa ta.

Sannan na gaya mata kana goye a bayana na fara aikin, har ka yi wayo kana barci a gindin inji. Ban san ko na riga na ci maka wani abu daga naka kunnen ba. Ta ce ba za ta sani ba sai an gwada ka. Don Allah in ka zauna daidai ka nemi inda ake irin gwajin nan a Kano, a sa ka a ɗan ɗakin, ka san da nawa ka fara. Wannan laifina ne, ba naka ba.

Kan abin kunnen naka kuwa, ga abin da na iya riƙewa, Kaltum ta taya ni da abin da ya zube. Likita ta ce wanda ake sayarwa a layin waya don daɗin sauraro aka yi shi. Mai tsadar cikinsu yana rage ƙugi mai tafiya bai ɗaya, amma ba a yi shi don tsaron kunnen ma'aikaci ba, kuma ba a dogara da shi a ɗakin injuna. Abin da ta fi tsoro shi ne mutum ya ji inji ya danne waƙar, ya yi ta ƙara murya. Ni na san wannan, ba sai an faɗa min ba. Ta ce abin kariya na gaskiya akwai lamba a jikin kwalinsa da ke nuna yawan ƙarar da yake ragewa, in ka duba ba lambar, to ba shi ba ne, komai rantsuwar mai shago. Sai kuma ta ce akwai wani iri da aka yi wa ma'aikata, shi ma mara waya ne, yana toshewa kuma ana jin waƙa a ciki, amma ba ya yarda murya ta wuce iyaka, kuma shi ma da lambarsa. A nan na sake rikicewa. Na ce to yaya zan bambanta shi da na yaron mai tsayayyen gashi, tunda duk a kunne ake cusawa? Ta ce da lambar. Na ce in masu jabu suka buga lambar fa? Ta yi dariya ta ce wannan kam sai a sayi abu a inda ake sayar da kayan ma'aikata, wurin masu hular kwano da takalman ƙarfe. Har yanzu ban gama gamsuwa ba. Kai ka yi karatu, ka duba da kyau. In kana shakka, ka bar shi.

Ta ƙara da cewa kafin ka sa kowane irin abin waƙa a wurin aiki ka tambayi mai kula da ku. Wasu wuraren sun hana, saboda dole mutum ya ji in an yi masa kashedi, kuma ɗan abin zai iya zamewa ya faɗa cikin shinkafar mutane. Kada a kore ka a satin farko saboda waƙa. Waƙarka ka bari sai an tashi, ka koma ɗaki inda ba ƙara, ka sa ta ƙasa ƙasa.

Ƙullin ledar da ke jakarka daga wurin masu hular kwano muka samo. Soso ne ƙanana masu ruwan lemo, ba sa waƙa, ba sa son caji. Na sa Kaltum ta duba kwalin sau biyu, akwai lambar. Likita ta nuna mana yadda ake sawa, ni da na ɗauka turawa kawai ake yi. Ka wanke hannu tukuna. Ka murza soson tsakanin yatsu har ya zama siriri. Ka zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai ka ja kunnen sama, ka tura, ka riƙe da yatsa har ka ji ya kumbura ya cika wurin. In ya zauna daidai za ka ji muryarka kamar kana magana a cikin randa. In rabinsa yana leƙe a waje, bai shiga ba, ka cire ka sake. In ya yi datti ko ya daina kumbura ka jefar ka ɗauki wani. Kada ka ara wa kowa, kada ka ari na kowa.

Akwai kuma wanda ake kifawa a kan kunnuwa kamar murfin kwano biyu. Ka san mutanen filin jirgi da muke gani da shi a wuya in sun fito cin abinci. Shekarun nan duk ni na ɗauka rediyo suke ji, har ina cewa aikin gwamnati da daɗi. Ashe su tun tuni suka san abin da ban sani ba, muna unguwa ɗaya. Ka tambaya ko kamfaninku yana bayarwa. In sun ba ka, ka sa a kan kunne, ba a wuya ba, kuma kada hula ta shiga ƙarƙashinsa.

Maganar Ya Falmata ta tsaya min a rai, cewa mai inji da kunne yake tuƙi. Na ce kada in toshe maka kunne in jawo maka wani haɗarin. Likita ta ce soson rage ƙara yake yi, ba ya mayar da mutum kurma, za ka ji inji, za ka ji kira. Ban yarda ba sai da na gwada. Da muka dawo na sa wa Kaltum biyu, na tsayar da ita ta juya wa injina baya, na ce in ta ji muryarsa ta canja ta ɗaga hannu. Na zuba wake, na hana shi ruwa. Dutse bai gama bushewa ba ta ɗaga hannu. Na sake, ta sake ɗagawa. Na kashe injin na zauna a kan bokiti. Ashe tun farko haka abin yake. Ya Falmata ta rasu ba ta jin kiran sallah daga masallacin da ke jikin gidanta, mu duka muna cewa tsufa ne.

Yanzu ni ma ina sawa, don in tsare ɗan abin da ya rage a na dama. Matan layi suna tsokanata. Jiya wata ta nuna kunnena ta ce, "Inna, sabon ɗan kunne ne? A ina ake yayinsa?" Na ce mata a asibiti. Kai ma za su tsokane ka, na sani. Tsofaffin ma'aikata za su ce ɗan Borno ya zo da kayan ragwanta, su shekara nawa suna nan ba abin da ya same su. Ka lura da yadda suke magana. In ka ga suna ihu a wurin cin abinci inda ba inji, suna karkato kai in ana musu magana, to ka ga abin da ya same su. Kada ka yi musu rashin kunya, manyanka ne. Ka yi dariya tare da su, ka bar sosonka a inda yake. Ni dariyar mata biyar ce ta zame min ɗankwali.

Saura ɗaya. Kaltum ta ce a bar wannan, na ce ba za a bari ba, ta rubuta.

Likita ta ce ba duka sauti ne yake tafiya lokaci ɗaya ba. Siraran su ne suke fara ɓacewa, kukan tsuntsu, muryar yara, muryar 'yan mata. Mai kauri irin ta babanka takan daɗe. Tana faɗar haka na juya na kalli ƙanwarka.

Ka san yadda nake da ita tun tana ƙarama. In kira ta daga rumfar inji, shiru. In sake kira, shiru. In shiga in same ta tsaye a tsakar gida tana kallona, in hau ta da faɗa. Na kira ta mai taurin kai. Na kira ta mai baƙin miskilanci. Ni da bakina na sha ce mata kurma. Akwai ranar da na make ta da mafici a gaban masu markaɗe, na ce tunda ba ta iya amsa uwarta ba. Na kai ƙararta wurin babanka ba sau ɗaya ba. Kai ma na sa ka yi mata faɗa, ka tuna.

A cikin keke muna dawowa daga asibiti na kasa haƙuri. Na ce, "Kaltum, in na kira ki kina amsawa?"

Ta gyaɗa kai.

"Kullum?"

Ta gyaɗa kai.

"To me ya hana ki gaya min kin amsa?"

Sai ta matso ta sa bakinta a kunnena na dama ta ce, "Ina gaya miki, Inna."

Har muka iso Gomari ina ta tuno baya. Malaminsu na firamare ya taɓa ce min yarinyar nan ta san amsa amma ba ta buɗe baki a aji. Na ce masa halinta ne. Yanzu ban sani ba ko halinta ne, ko ni ce na koya mata cewa magana ba ta da amfani. Na yi ta juya abin, ban samu bakinsa ba. Na roƙe ta gafara, ta ce ba komai. Ni na san da komai.

Babana, da kunne kaɗai inji ya ci da na haƙura, nawa ne. Wata rana in Allah ya so za ka yi aure, za a haifa maka 'ya mai ƙaramar murya, za ka kira ta ta amsa daga ɗaki. Ina so ka ji.

Allah ya tsare min kai, ya tsare jinka da ganinka da hannuwanka daga ƙarfen inji. Ya sa ka shiga aikin nan lafiya, ka fita lafiya, kullum. Ya sa albarka a guminka, ya raba ka da mugun aboki, ya dawo mana da kai cikakke yadda ka tafi. Ka riƙe sallah. Babanka yana sa maka albarka. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe min.

Mahaifiyarka,
Inna.

Ni Kaltum. Yaya, ni ma ina gaishe ka, Allah ya kiyaye hanya. Hannuna ya gaji, ka yi haƙuri da rubutun ƙarshen. Inna ta ce kafin a naɗe takardar in karanta mata daga farko ta ji ko na rubuta daidai. Ta ce kada in matso kunnenta. In zauna a gabanta, in karanta da ƙarfi, ko maƙwabta za su ji.